Sikanin littafi a ɗora wa ɗalibai a shafin laburare, doka ta yarda?

Hajiyar Laburare:
Assalamu alaikum jama'ar guruf. Don Allah shawara nake nema musamman wajen lauyoyinmu da malaman jami'a da ke nan. A laburaren da nake aiki mun fara ɗora kayan karatun kwas a shafin makaranta, kowane malami ya kawo abin da yake so ɗalibansa su karanta, mu yi sikanin mu ɗora, ɗalibi ya shiga da lambar rajistarsa ya karanta a waya. Da can abin da muke yi shi ne mu ajiye littafin a bayan kanta, ka ba da katinka a ba ka na awa biyu, ka karanta a nan ka dawo mana da abinmu. To yanzu wani malami ya kawo littafi guda bugun waje, shafi ɗari huɗu da wani abu, wai a yi sikanin ɗinsa daga bango zuwa bango, tunda ɗalibansa sun haura ɗari uku kuma kwafi biyu kacal gare mu, ɗayan ma wani marar tsoron Allah ya yanke babi guda da reza. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ogana ya ce in dai ba sayarwa za mu yi ba babu komai. Haka ne?

Ɗan Aji Uku:
Wa alaikumus salam Hajiya, don Allah ku ɗora kawai. Wlh ko ba ku ɗora ba littafin zai shigo guruf ɗinmu na WhatsApp kafin sati biyu, wani zai karɓa a kantar taku ya ɗauke shi da waya shafi-shafi, mu yi ta karanta PDF a karkace da babban yatsan mutum a gefen kowane shafi. Gara ma ku ku yi mai kyau

Umman Ilham:
hhhh wannan yatsan kowa ya san shi. Har da inuwar wayar a tsakiyar shafi

Dakta Mai Alli:
Ku kuna dariya. Ni na rubuta littafi a fannina, da kuɗin aljihuna na biya maɗaba'a, har bashi na ci a kofaretib. Zango ɗaya aka yi ana saye, daga nan wani ya yi sikanin ya watsa, yanzu katan-katan ne a ƙarƙashin gadona suna shan ƙura, uwargida kullum sai ta yi min gori. Wata rana ma wani ɗalibi na wata makarantar ya turo min PDF ɗin littafina yana cewa "Sa ga wani littafi mai kyau a fanninku", bai ma duba sunan da ke bango ba. To in ɗalibi ya yi a ce yarinta da talauci, amma laburaren jami'a da hatiminta ta yi? Hajiya kar ki yi.

Ɗan Aji Uku:
Allah ya huci zuciyar Dakta. Amma wannan na Turawa ne fa ba naka ba, su ba su ma san muna duniya ba

Barista:
Hajiya, maganar ogan naki akwai gaskiya a ciki amma bata cika ba. Rashin sayarwa abu ɗaya ne cikin abubuwa huɗu da ake dubawa.

Dokar da muke kai yanzu ita ce dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar. Sashe na 20 ya ba da damar a yi amfani da aikin wani bisa adalci ba sai an nemi izini ba, kamar don nazari na ƙashin kai, ko bincike wanda ba na kasuwanci ba, ko sharhi. Sai kuma ya kawo ma'auni huɗu kusan irin na dokar Amurka ta 1976: me aka yi da abin, karatu ne ko neman kuɗi, wane irin aiki ne, bayanan ilimi ne ko ƙirƙira irin labari da waƙa, nawa aka ɗiba daga ciki, sannan ko abin ya taɓa kasuwar mai littafin. A na farko kin ci, makaranta ce ba shago ba. A na biyu ma da sauƙi tunda littafin karatu ne. Amma na uku da na huɗu fa? Kin ɗebe duka, kuma littafin an rubuta shi ne musamman don irin waɗannan ɗaliban su saya, in kowa ya samu kyauta ai kasuwar ce gaba ɗaya kika ɗauke. Ni in ni ne lauyan makarantarku bazan yarda a ɗora duka ba. Babi ɗaya, ko wani yanki da malamin yake buƙata na wannan satin, wannan maganar daban ce.

Hajiyar Laburare:
Na gode Barista. To ai nan ne matsalar, nawa ne "wani yanki"? Na taɓa ji a wani taron bita ana cewa kashi goma cikin ɗari. In haka ne sai in ce wa malamin shafi arba'in zai samu shikenan.

Barista:
Wannan kashi goman yana da tarihi, bari in ɗan ja ku. A 2008 kamfanonin ɗab'i uku, na Jami'ar Kambirij da na Oksford da SAGE, suka maka jami'ar jihar Jojiya da ke Atlanta a kotu, kuma a kan daidai irin abin da Hajiya take yi, malamai su kawo babi-babi laburare ta ɗora a shafin da ɗaliban kwas ke shiga. Ba sayarwa suke ba su ma. Kamfanonin suka jero wurare 99 da suka ce an keta musu haƙƙi, aka tace aka koma 75. A 2012 mai shari'a Orinda Evans ta yanke hukunci mai shafi kusan ɗari uku da hamsin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ce guda biyar ne kawai suka wuce gona da iri. A cikin wannan hukuncin ne ta kawo ma'aunin cewa in littafi bai kai babi goma ba a ɗauki kashi goma cikin ɗari, in ya kai ko ya wuce a ɗauki babi ɗaya. Ma'aikatan laburare suka ji daɗi don an ba su lamba da za su riƙe.

Sai dai a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan ma'aunin, ta ce ba a yin lissafin dokoki da kalkuleta haka, kowane yanki sai an dube shi shi kaɗai, don wani lokacin shafi goma ne zuciyar littafin gaba ɗaya wani lokacin kuma shafi hamsin ba su rage wa mai shi komai ba. Aka mayar mata, ta sake hukunci a 2016, aka sake ɗaukaka ƙara aka sake mayar mata a 2018, sai a 2020 ta ce cikin 48 da suka rage goma sun keta haƙƙi, sauran 38 adalci ne. Kamfanonin ba su ƙara ɗaukakawa ba. Shekara goma sha biyu ana abu ɗaya.

Umman Ilham:
Shekara sha biyu?? ɗaliban da aka yi rigimar a kansu ai sun gama har sun yi aure sun hayayyafa

Barista:
Sosai ma. Amma abin da nake so Hajiya ta riƙe daga shari'ar guda biyu ne. Na ɗaya, ko a can inda jami'ar ta yi rinjaye babu wanda ya ɗora littafi sukutum, babi-babi ne ake rigima a kai. Na biyu kuma wanda mutane ke mantawa, kotun ta damu ƙwarai da tambayar ko akwai hanyar da jami'ar za ta biya kuɗin lasisi na wannan yankin a sigar kwamfuta. Inda kamfani ya tanadi lasisi mai sauƙin samu jami'a ta ƙi biya, abin ya fi karkata wajen kamfani. Inda babu lasisin kwata-kwata, sai a ce to wace kasuwa aka ɓata maka tunda kai ma baka buɗe ta ba. Kuma ku lura hukuncin Amurka ba ya ɗaure alƙalin Najeriya, sai dai tunda ma'aunan namu sun yi kama da nasu lauya zai iya kafa hujja da shi.

Baƙon Delhi:
Barista ka yi ta kawo mana Amurka, su da ɗalibinsu ke da katin banki da dala. Ga wadda ta fi kama da mu. Nan Indiya inda nake karatu akwai wani ɗan shagon fotokwafi mai suna Rameshwari a harabar Jami'ar Delhi, malamai su zaɓo babi daga littattafai daban-daban shi kuma ya buga ya ɗinke ya sayar wa ɗalibai da araha. 2012 Oksford da Kambirij da Taylor & Francis suka kai shi ƙara shi da jami'ar. Ɗalibai suka yi ca, malamai suka shiga, har da marubutan da kamfanonin ke buga wa littafi suka ce su ba da yawunsu ba. Satumba 2016 babbar kotun Delhi ta kori ƙarar, alƙalin ya ce haƙƙin mallaka ba wani abu ne saukakke daga sama ba, doka ce ta samar da shi don ilimi ya yaɗu. Da aka ɗaukaka ƙara a Disamba na shekarar aka ce ma'aunin shi ne ko abin da aka kwafa koyarwar tana buƙatarsa, ba adadin shafi ba. Maris 2017 kamfanonin da kansu suka janye. To mu da muka fi Indiya wahalar littafi me zai sa mu fi su tsoro

Barista:
Na san shari'ar, kuma ina sonta. Amma ɗan'uwa dokarsu ce ta ba su, sashe na 52 na dokar Indiya ya fito fili ya ce malami ko ɗalibi zai iya kwafa a cikin harkar koyarwa, bai sa iyaka ba. Alƙalin bai ƙirƙiro tausayi daga aljihunsa ba, abin da aka rubuta ya karanta. Kuma ko a can ɗin tarin babi ne daga littattafai da yawa, ba a ce ka ɗauki littafin kwas guda ka maye gurbin sayensa ba.

Almajirin Malam:
Ni duk wannan turancin bai dame ni ba. Manzon Allah SAW ya ce wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta ranar alƙiyama. Malamanmu na da da hannu ake kwafar littafinsu, almajiri ya zauna da tawada da alƙalami ya kwafe, wa ya taɓa cewa a biya shi? Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello sun bar ɗaruruwan littattafai babu wanda ya rubuta "an hana kwafa" a bango.

Dakta Mai Alli:
Malam da girmanka. Wanda ya sa littafinsa a kasuwa ɓoye ilimi ya yi? Ni ina shiga aji in koyar da abin da ke cikin littafin nan kaf, wanda ya tare ni a hanya ya tambaya in amsa masa. Takarda da tawada da kuɗin maɗaba'a ne nake cewa a biya. Kuma su magabatan da ka ambata ai mai kwafar ana biyansa ladan hannunsa, sana'a ce guda. Sannan malaman zamani sun zauna a kan wannan, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta ce haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba.

Almajirin Malam:
Akwai malaman da suka saɓa wa wannan Dakta, musamman in ba don kasuwanci aka kwafa ba

Dakta Mai Alli:
Akwai, ban musa ba. Amma kar a mayar da ni mai linzamin wuta don na ce a sayi littafina

Barista:
Tunda an ambaci su Shehu bari in ƙara wani abu da zai amfani Hajiya. A dokarmu haƙƙin littafi yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Shehu ya rasu 1817, don haka asalin rubutunsa na kowa ne, ki yi sikanin ki ɗora son ranki. Amma in wani malami ya fassara shi zuwa Hausa ko Turanci a shekarun nan, ko ya yi masa tahƙiƙi da sharhi da gabatarwa, wannan fassarar da sharhin nasa ne, suna da nasu haƙƙin. Mutanen sashen Larabci da Tarihi suna yawan faɗawa wannan ramin.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan Nijar abin ya fi haka, littattafan iniversite kusan duka daga Faransa suke zuwa, kuɗin guda sai ya cinye bursar ɗalibi ta wata, wato kuɗin tallafin karatunsa. Kowa fotokopi yake yi, bakin ƙofar fakulte injin ba ya hutawa. Muna da ofishin haƙƙin mawallafa BNDA, kuma muna cikin yarjejeniyar Bangi ta ƙasashen OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, amma in ka ji ana maganar haƙƙi a gari to ta mawaƙa ce da masu fim. Ni tambayata ga Barista, mi ya bambanta fotokopi da ɗorawa bisa intanet? Ba duka kwafi ba ne?

Barista:
Duka kwafi ne a ido na doka. Bambancin a aikace yake. Fotokwafi ɗaya mutum ɗaya ke riƙewa, yana tsufa yana yagewa, kuma kowane kwafi sai an biya kuɗin takarda. PDF kuwa in ya fita sau ɗaya ya fita kenan, daga guruf ɗin aji zuwa Telegram zuwa makarantun da ba ku taɓa jin sunansu ba, kamar yadda ya faru da Dakta. Shi ya sa laburaren da ke son kare kanta take rufe abin da kalmar sirri, ɗaliban da suka yi rajistar wannan kwas ɗin kaɗai, a sauke shi in zango ya ƙare, a bar shafin da ke ɗauke da sunan marubuci da maɗaba'a a gaba, kuma sikanin ya zama daga kwafin da makaranta ta saya da kuɗinta ba wanda aka sauko da shi daga shafukan sata ba.

Ɗan Aji Uku:
Barista kalmar sirri kuma? mutum ɗaya zai sauke ya tura mana ai 😂

Barista:
Zai tura. Amma a lokacin shi ya yi, ba laburare ba. Kuma in babi ɗaya ne ya fita ɓarnar bata kai ta littafi duka ba, wataƙila ma wani ya karanta ya nemi sauran.

Umman Ilham:
Ni fa abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Ana ta maganar ɗalibai na satar littafi, malaman da ke kwashe babi uku daga littafin wani su cire sunansa su sa nasu a bango su kira shi handawut, su ce duk wanda bai saya ba ba shi da makin CA fa? Lokacin da nake digirin farko an yi mana haka, har lambar shafin asalin littafin tana nan a ƙasa ba a goge ba, kilas ref yana rubuta sunan wanda ya biya. Wannan wane ma'auni ya ci a cikin huɗun?

Barista:
Ko ɗaya Umman Ilham. Ya kwafa, ya sayar, ya cire sunan mai shi, laifi uku a faranti ɗaya. Cire sunan ma kansa doka ta hana daban, marubuci yana da haƙƙin a danganta masa aikinsa ko da ya sayar da sauran haƙƙoƙin.

Dakta Mai Alli:
Ba duka muke haka ba don Allah. Kuma a tambayi me ya kai wasu ga haka, albashin

Umman Ilham:
Dakta albashi bai sa a sa sunanka a aikin wani ba

Admin:
Jama'a maganar handawut da albashi mun sha yinta a nan kuma kun san inda take ƙarewa. A dawo kan tambayar Hajiya don Allah.

Hajiyar Laburare:
Na gode Admin. Barista maganar lasisin nan ce ta tsaya min. In mun ce za mu bi hanya mu biya, wa za mu biya? Littafin na wani kamfani ne a Ingila. In rubuta musu imel in jira, zango ya ƙare ba su amsa ba, in sun amsa su ce fam kaza kan kowane ɗalibi, in kai wa bursa ya kalle ni ya yi dariya. Kuɗin da ake ware mana ko na sabunta rajistar mujallu ba ya isa.

Barista:
A tsari akwai REPRONIG, ƙungiyar da aka kafa don ta ba makarantu lasisin kwafi ta karɓi kuɗi a madadin marubuta da kamfanonin ɗab'i, ƙarƙashin kulawar hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa. Irin wannan lasisin makaranta ce ke ɗauka gaba ɗayanta, ba ma'aikaciyar laburare ɗaya ba, don haka magana ce ta shugaban laburare da ofishin lauyan jami'a. Ki tambaye su a rubuce ko makarantarku na da shi, kuma in akwai ya haɗa da ɗorawa a intanet ko fotokwafi kawai ya tsaya. Su kuma na Ingilan ki tura musu imel ɗin duk da haka ki ajiye kwafinsa a fayil. In ba su amsa ba shirun nasu ba izini ba ne, kar a fahimce ni a karkace, amma ranar da magana ta tashi wanda ya nema bai samu hanya ba ya fi wanda bai nema ba tsayuwa a gaban alƙali.

Kuma ni ra'ayina, wannan shi ne ainihin ciwon. Ana ce wa makarantunmu ku biya, amma ba a kawo farashin da ya yi daidai da aljihunmu ba, ba a kawo hanyar biya da naira cikin sauƙi ba. Kamfanin da bai yi wannan ba bai kamata ya yi kukan an ɗauki babi ɗaya ba. Amma irin su Dakta da littafinsu ke nan a kantin makaranta da kuɗin da bai fi na data ɗin wata ba, wlh babu uzurin yi musu sikanin, kuma su ne suka fi cutuwa don ba su da lauyoyin da za su yi shekara sha biyu a kotu.

Baƙon Delhi:
To ga wata dabara. Tunda kwafi biyu gare su, su yi sikanin duka amma tsarin ya bar mutum biyu kawai su buɗe a lokaci guda, na takardar kuma a kulle su a kabad. Kwafi biyu aka saya mutum biyu ke karantawa, wa aka cuta?

Barista:
Hankali yana karɓar wannan, kuma an gwada. Internet Archive, wani laburaren intanet na Amurka, sun yi shekaru suna haka, kwafi ɗaya a sito mutum ɗaya a intanet. Da korona ta zo a 2020 suka cire iyakar na ɗan lokaci, manyan kamfanoni huɗu suka kai su ƙara, Hachette da HarperCollins da Wiley da Penguin Random House. Kotu a 2023 ta ce tsarin ba adalci ba ne, har da na ɗaya-bisa-ɗayan ba wai na lokacin korona kaɗai ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Satumba 2024. Babbar hujjar ita ce kamfanonin suna sayar wa laburare lasisin littafin na kwamfuta, kai kuma ka yi naka ka kauce wa biya. Ka ga mun sake dawowa kan lasisi.

Ɗan Aji Uku:
Mutum biyu a lokaci guda mu ɗari uku ana gobe jarabawa?? a bar wannan dabarar ma ko kotu ta yarda

Umman Ilham:
Hajiya wani abin da ya taimake ni a masters, ki zauna da malamin ku duba ko dole sai wannan littafin. Kwasa-kwasan aji ɗaya da biyu da yawa akwai littattafan OpenStax na Jami'ar Rice, kyauta ne kuma da lasisin da ya yarda a kwafa a raba, Bayoloji da Kimistiri da Fiziks da Ikonomiks duk akwai. NOUN ma, jami'ar karatu daga gida, kayan kwasa-kwasansu suna shafinsu kowa na saukewa. Ga shafin DOAB na littattafan da aka sake kyauta, ga shafin AJOL na mujallun Afirka duk da ba duka ne kyauta ba. Wani lokacin malami ya riƙe littafi ɗaya ne kawai don da shi aka koyar da shi a 1995

Dakta Mai Alli:
Wannan harbin ya same ni amma na yafe 😅

Hajiyar Laburare:
Hhh Dakta. Wallahi Umman Ilham kin tuna min, mujallun da muke da rajistarsu ta Research4Life, shirin da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallun bincike, su ma malamai sai su sauko da PDF su kawo min a filashi wai in ɗora.

Barista:
Waɗannan kar ki ɗora fayil ɗin, ki sa mahaɗin da zai kai ɗalibi can ya buɗe da kansa ta hanyar rajistar makaranta. Abin da kuka shiga ta yarjejeniya sharuɗɗan yarjejeniyar ne ke binsa, kuma in suka ga ana watsa kayansu a waje makarantar gaba ɗaya za su iya toshewa.

Hajiyar Laburare:
To madalla. Saura biyu in bar ku ku huta. Muna da ɗalibi makaho a wannan ajin, shi babi ɗaya ba zai masa ba tunda ba zai iya zuwa kanta ya karanta sauran a takarda ba, manhajar wayarsa ce ke karanta masa. Na biyu kuma akwai wani tsohon littafi na wani farfesa ɗan ƙasar nan da ya rasu, an daina buga shi tun tuni, maɗaba'ar ma ban jin tana aiki, kwafinmu ɗaya ne duk ya zama ɗanwake saboda hannu, kuma duk shekara sai an sa shi a kwas.

Barista:
Na makahon ki yi masa duka, babu fargaba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marakesh ta 2013 tun 2017, kuma dokar 2022 ta shigar da ita, an yarda a mayar da littafi sigar da makaho ko mai raunin gani zai iya amfani da ita ba tare da neman izini ba, in dai ba don riba ba kuma shi za a ba. Sai dai ki tabbata sikanin ɗin an mayar da shi rubutu ba hoto ba, in hoto ne manhajar ba abin da za ta karanta masa. Kuma a ja masa kunne kar ya zama shi ne ƙofar da littafin zai bi ya shiga guruf.

Na farfesan kuma, yin kwafi don adana shi kar ya lalace doka ta ba laburare wannan damar, ki yi tun yau. Ɗora shi duka wa aji kuwa, daina bugawa ba ya kashe haƙƙi, yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, yana hannun magada ko maɗaba'ar, ya danganta da abin da ya sa wa hannu. Amma wannan ya fi na Ingila sauƙi nesa ba kusa ba, iyalansa ana iya samunsu, tsofaffin abokan aikinsa a sashen sun san gidan. Ku je da takarda daga makaranta, yawancin iyalai murna za su yi a ce har yanzu ana karanta mahaifinsu, su sa hannu a ajiye.

Dakta Mai Alli:
Barista tsaya. Kana nufin ko ni in na ga dama in ba laburaren makarantarmu babi biyu na littafina su ɗora, sai na duba wata takarda? Ni na rubuta abina fa, ni na biya kuɗin bugu

Barista:
In kai ka biya suka buga maka kawai a matsayin aikin kwangila, naka ne, ka ba wanda kake so. In kuwa akwai yarjejeniyar da ka sa wa hannu, wasu maɗaba'un suna cusa layin da ke cewa ka miƙa musu haƙƙin bugawa ta kowace siga har da ta kwamfuta. Duba bayan shafin farko na littafin, sunan wa ke gaban alamar ©, naka ko nasu? Ka ɗauki hoton shafin da na takardar in tana nan ka turo min ta inbox in duba maka bayan la'asar.